Yadda ake sayen zoben daimon ba a yi maka sakiyar da ba ruwa ba

Matar yayana ce ta sa na zauna na koyi wannan abu. Shekarun baya yayan nawa ya je Dubai sarin kaya ya dawo mata da zobe mai farin dutse a sama, ya ce daimon ne, kuɗin da ya ce ya biya kuwa sai da kowa a gidan ya riƙe baki. Ta sa shi biki biyu uku nan cikin Birni ana ta kallo. To da wata larurar asibiti ta taso ta ɗauko zoben na raka ta wajen wani maƙerin zinariya nan Damagaram, mutumin ya juya shi ya juya, ya ce "Hajiya ni fa zinariyar kawai zan iya saye, dutsen sai dai in cire miki ki koma da abinki, ba ni da abin gwada shi kuma ba ki zo da takarda ba". Ya ɗora a sikeli, abin da ya kirga mata bai kai ko kusa da abin da aka sayo zoben ba. Wallahi ranar na ji zafi sosai, kuma maƙerin bai cuce ta ba, gaskiya ya faɗa. Kuskuren tun a wajen saye aka yi shi, shi ya sa nake so duk wanda zai sa kuɗinshi a wannan abu ya bi shi daki-daki.

Kafin komai sai ka raba zinariya da daimon a cikin kanka. Mu nan mun saba mace ta sayi sarƙa ko awarwaro ta ajiye, ranar da ta matsu ta kai kasuwa a auna a ba ta kuɗin giram na ranar, zinariya asusu ce. Daimon ko lu'ulu'u, wanda 'yan lakwal ke ce ma diyama, ba haka yake ba. Ba shi da farashin giram da kowa ya sani, kowane dutse da nashi kuɗin gwargwadon darajarshi, kuma ranar da za ka sayar da wuya ka samu abin da ka biya ko da na gaske ne. Saboda haka in ajiya kake so ka sai mata zinariya zalla ka huta. In kuwa ado kake so da kyautar da za ta daɗe a hannunta, to ka yanke kuɗin da za ka iya kashewa tun kana gida, kuɗin da ba za ka yi kukanshi ba. Ka kuma yi lissafin canji tun kafin ka shiga bitik, yuro ɗaya kusan sefa 656 ne ba ya motsi, dirhamin Dubai kuma ɗaure yake da dalar Amurka, dala ɗaya dirhami 3.67, in ba ka yi wannan lissafin ba mai kaya zai yi ta jero maka lambobi kai kana gyaɗa kai.

Na biyu, takarda. Kar ka fara kallon walƙiya, ka fara cewa a ba ka takardar dutsen. Akwai cibiyoyin da aikinsu kenan, a kai musu dutse su auna su rubuta darajarshi, su ba saye suke ba ba sayarwa suke ba. Wadda aka fi yarda da ita GIA ce ta Amurka, an kafa ta a 1931, kuma ita ce ta fito da ma'aunin abubuwa huɗu da duk duniya ke aiki da shi yanzu, wato yanka, launi, tsabta da nauyi. Akwai HRD da IGI, su kuma asalinsu garin Antuwap ne na Beljiyam, garin da ya yi ƙaurin suna a cinikin daimon. Takardar da mai bitik ya buga da kanshi mai tambarin shagonshi ba ita nake nufi ba, wannan shi ya yabi kayanshi. Takardar gaske tana da lamba, ka ɗauki salularka nan take ka shiga shafin cibiyar a intanet ka sa lambar, nauyi da launi da komai su fito daidai da abin da ke hannunka. Sannan yawancin duwatsun da ke da takarda an rubuta wannan lambar da hasken leza a ƙugun dutsen, wato siririn gefen da ya zagaye shi, ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. Ka ce a nuna maka. In lambar ƙugu ta zo ɗaya da ta takarda to takardar ta wannan dutsen ce, dan ana iya haɗa takardar kirki da wani dutsen daban.

Madubin nan da ake ce ma lup, mai ƙara girma sau 10, ka sayi naka ba shi da tsada. Yadda ake riƙe shi, ka kai shi dab da idonka, ka jingina hannunka a kumatu dan kar ya yi rawa, sai ka kawo zoben a hankali har ya fito sarai. Farko za ka ga hazo-hazo kawai, ka yi ta gwadawa da wani zoben a gida kafin ranar.

Na uku shi ne yanka, kuma nan ne zan daɗe dan nan mutane suka fi yin sakaci. Daimon in an tono shi kamar tsakuwar gilas yake mara fasali, ba ya wani ƙyalli, hannun mai yanka ne ke ba shi wuta. Yawancin duwatsun duniya a garin Surat na Indiya ake yanka su a goge. Yankan da aka fi sani shi ne mai da'ira, mai fuskoki 57 ko 58, wanda wani ɗan Beljiyam Marcel Tolkowsky ya yi lissafin kusurwoyinshi a 1919. Hikimar ita ce haske ya shiga ta sama, ya bugi bangon ƙasa na wannan gefe, ya tsallaka ya bugi na wancan, ya dawo ya fito ta sama zuwa idon mai kallo. In an yanka dutsen ya yi zurfi da yawa hasken sai ya zube ta gefe, tsakiyar ta yi duhu kamar kan ƙusa, in kuma ya yi faɗi ba zurfi kamar faranti sai hasken ya wuce ta ƙasa dutsen ya mutu. Kuma ka san me ke sa a yanka shi da zurfi, dan a tsira da nauyi ne, a sayar maka karat ɗaya, wato ma'aunin nauyin dutse, alhali wani sashe na kuɗinka yana ɓoye a gindin dutsen inda ba mai gani. GIA tana ba yankan da'ira daraja biyar, a takarda za ka ga Excellent a sama, sai Very Good, Good, Fair, Poor a ƙasa. Ni shawarata kar ka sauka ƙasa da biyun farko ko da za ka rage girman dutsen. Ƙasa da wannan layin akwai wasu biyu, na gugar fuska da na daidaiton fuskoki, in duka ukun sun samu ta sama to ka samu abin kirki. In kana son lambobi, faffaɗar fuskar sama da suke ce ma tebur ta kasance wajen kashi 54 zuwa 58 cikin ɗari, zurfin kuma wajen 61 zuwa 62 da rabi. Na taɓa ganin duwatsu biyu a jere, ƙaramin mai kyan yanka yana tartsatsi, babban yana zaune shiru kamar ƙanƙarar firiji, tun daga ranar ba na fara tambayar girma.

In siffar da take so ba da'ira ba ce, kamar mai siffar ƙwai ko ɗigon ruwa ko mai kusurwa huɗu, to takardar GIA ba ta ba su wannan darajar yankan gaba ɗaya, idonka ne alƙali. Masu tsawon nan ka duba tsakiyarsu, wani lokaci akwai baƙar inuwa da ta gitta, in ta yi yawa ka ajiye.

Na huɗu launi. Ma'aunin yana farawa daga harafin D ya tafi har Z. D da E da F su ne farare tas kamar ruwan sama, G zuwa J kusan farare ne, daga K rawaya-rawaya ta fara leƙowa tana ƙaruwa har Z. Masu aunawa kife dutsen suke yi a kan farin abu su duba ta gefe a jere da wasu duwatsun gwaji, dan ta sama ƙyalli na rufe launi. To ga inda za ka ceci kuɗinka. Matanmu jar zinariya suke so, kuma dutse in ya zauna cikin jar zinariya yana ɗaukar launinta ko da D ne, saboda haka biyan kuɗin D a kan jan zobe asara ce kawai, H ko I ko J ma sun isa, ba wadda za ta gane a wajen biki. In farar zinariya ce ko filatinom to nan ka tsaya wajen G ko H dan farin ƙarfe yana tona rawaya. Akwai kuma wani layi a takardar da ke faɗin ko dutsen yana yin shuɗin haske in hasken ultarabayolet ya taɓa shi, wanda kuma akwai shi cikin rana. Kaɗan ko matsakaici ba matsala, har yakan sa dutse mai ɗan rawaya ya ƙara fari, amma in an rubuta mai ƙarfi ne sosai wasu sukan yi dishi-dishi kamar an shafa mai, kuma ka san ranar Damagaram ba wasa ba, ka fita da shi bakin ƙofa ka gani da idonka.

Na biyar tsabta. Daimon a can ƙarƙashin ƙasa ya ginu cikin zafi da matsi, shi ya sa kusan kowanne yana da ɗan tabo a ciki, ɗigon baƙi ko fari, ko 'yar tsaga kamar gashin tsuntsu, ko gajimare. Darajojin 11 ne, dukansu da lup mai sau 10 ake yanke su. FL da IF su ne na ƙoli, ba a ganin komai a cikinsu, sai VVS1 da VVS2 wanda ko gwani sai ya sha wuya kafin ya gano tabon, sai VS1 da VS2, sai SI1 da SI2, sai I1, I2, I3 da ido ma ke gani. Gaskiya FL na masu tara dukiya ne, ba wanda zai zo gidan suna da lup ya kama hannun matarka. Abin da kake nema dutsen da in ka riƙe shi nesa kamar yadda kake karanta salula ba ka ga komai ba, VS2 yawanci ta wadatar, SI1 ma sau da yawa tana yi in ka duba da kyau. Takardar takan zo da zanen dutsen da jajayen alamu inda tabon yake. Tabon gefe da sauƙi dan faratan zobe da ke riƙe dutsen za su iya rufe shi, baƙin ɗigo a tsakiyar tebur kuwa kullum zai dame ka. Tsagar da ta kai bakin ƙugu ita ce abar tsoro dan nan dutse ke ɓarewa in ya bugu. Ka kuma tambaya kai tsaye ko an yi ma dutsen magani, dan akwai wanda ake hudawa da leza a wanke baƙin, akwai wanda ake cike tsagarshi da wani abu kamar gilas, wannan na biyun GIA ba ta ma ba shi takardar daraja.

Na shida nauyi, wanda kowa ke fara tambaya ni kuma na bar shi baya da gangan. Karat ɗaya giram 0.2 ne, wato karat 5 ke yin giram ɗaya, kuma ana raba karat gida 100, dutse mai 0.50 rabin karat kenan. Kar ka haɗa shi da karat na zinariya da muka saba ji, 18 ko 21 ko 24, wancan tsantsar zinariyar yake nunawa, wannan nauyin dutse ne. Mai da'ira mai karat ɗaya in yankanshi daidai ne faɗinshi wajen milimita 6 da rabi ne, in ka ga takarda ta ce karat ɗaya amma faɗin 6 ne kawai to ka san an ɓoye nauyin a ƙasa. Kuɗi kuma ba a hankali yake hawa ba, tsalle yake yi a kan cikakkun lambobi, rabin karat, karat ɗaya, ɗaya da rabi, biyu. Mai 0.90 da mai 1.00 ido da ƙyar yake raba su amma aljihu yana rabawa, ka nemi wanda ya gaza kaɗan. Manyan duwatsu ba su da yawa a ƙasa shi ya sa mai karat biyu ya fi ninkin kuɗin mai karat ɗaya nesa ba kusa ba, irin su dutsen Kalinan da aka tono a Afirka ta Kudu a 1905 mai karat 3,106 labari ne na sarakuna. Sai wata dabara kuma, a ce maka zoben karat ɗaya ne alhali ƙananan duwatsu ne ashirin ko talatin aka jera aka haɗa nauyinsu. Wannan da dutse ɗaya tilo mai karat ɗaya ba su ma yi kusa a kuɗi ba. Ka ce a faɗa maka nauyin na tsakiya shi kaɗai.

Na bakwai, ka tabbatar wane irin dutse ne ma. Akwai zirkon na masana'anta wanda ya cika kasuwa a 'yan kunne da zobban fashin, ya fi daimon nauyi sosai kuma da ya kwana biyu gefunanshi sun dakushe. Akwai moisanait, shi ya fi wuyar ganewa dan taurinshi ya kusa na daimon, daimon 10 ne a ma'aunin tauri shi kuma 9 da ɗan wani abu, har ƙaramar na'urar gwajin nan mai kama da biro da ke auna zafi yana ruɗar ta, sai dai walƙiyarshi ta cika launin bakan gizo kuma da lup za ka ga layukan ƙasanshi biyu-biyu. Gwajin kartar gilas da ake ta faɗa ka manta da shi, su ma suna kartar gilas. Hucin baki kuma, cewa daimon ba ya riƙe tururi, alama ce kawai ba hujja ba. Sai na uku, daimon ɗin da ake ginawa a masana'anta, wannan ba jabu ba ne, sinadarinshi ɗaya da na ƙasa, ido da lup ba su raba su sai na'urori na musamman, amma kuɗinshi ƙasa yake sosai kuma sai ƙara faɗuwa yake. Ba laifi ka saya in kana so, har ma ga mai son babban dutse da kuɗi kaɗan hanya ce mai kyau, laifin a sayar maka shi da kuɗin na ƙasa. Takarda tana faɗa ƙarara, kuma yawanci an rubuta a ƙugunshi. In na ƙasa ne kana iya tambayar asalinshi, ƙasashe irin Botsuwana da Rasha da Kanada su ne manyan masu tonowa, kuma tun 2003 akwai yarjejeniyar Kimbali da aka yi dan hana cinikin duwatsun da ake sayen makamai da su, bayan abin da ya faru a Saliyo da Angola.

Na takwas zoben kanshi. Na san Hajiyoyinmu 21 suke so, amma 21 da 22 suna da laushi, faratan da ke riƙe dutsen sai su buɗe wata rana a nemi dutse a rasa. Shi ya sa zoben daimon yawanci 18 ne, ka duba cikinshi za ka ga an buga 750, 21 kuwa 875 ne, filatinom 950. Farata shida sun fi huɗu tsaro, in kuma mace ce mai aikin hannu kullum, wanda aka zagaye dutsen da ƙarfe gaba ɗaya ya fi, ba ya kama mayafi ko leshi. Ka kai zoben kusa da kunne ka ɗan ƙwanƙwasa da farce, in ka ji motsi dutsen bai zauna ba. Awon yatsa kuma, mafi sauƙi ka tafi da tsohon zobenta da ke shiga daidai, ko ka zagaya zare a yatsar ka auna da milimita, awon Faransa haka yake, 54 na nufin zagayen milimita 54. Kar a auna da sanyin safiyar hunturu lokacin yatsa ta tsuke, in bazara ta zo watan 4 da na 5 hannu ya kumbura zoben ya ƙi fita.

Kafin ka miƙa kuɗi ka fitar da zoben daga ƙarƙashin fitilun bitik ɗin, waɗannan ƙananan fitilun an sa su ne dan ko kwalba ta yi ƙyalli. Ka duba shi bakin ƙofa, ka duba a inuwa, ka sa hannu ka kare hasken ka ga ko yana da sauran rai. Ka taya, ana tayawa, kuma ka zaga shago uku huɗu da darajoji iri ɗaya a rubuce dan ka kwatanta daidai da daidai. A faktir a rubuta lambar takardar, nauyin dutsen, launi, tsabta, na ƙasa ne ko na masana'anta, da giram ɗin zinariyar daban, a sa tambari da sa hannu, ka kuma tambaya ko suna karɓa in ka dawo da shi da nawa za su karɓa. In saƙo za ka ba wani mai tafiya Dubai ko Makka, ka ce ya turo maka hoton takardar ta WhatsApp ka duba lambar da kanka kafin ya biya. Ka ɗauki hoton duka takardun ka ajiye, asalin kuma kar a sa shi cikin akwati ɗaya da zoben.

In ya iso gida ka gaya mata daimon yana son maiƙo, man shafawa da man kitso da na girki duk manne mishi suke, ga ƙurar hunturu ta hau kai, wata biyu sai ta ce ya dushe. Ruwan ɗumi da ɗan sabulun wanke kwanoni, a jiƙa shi kamar minti 20, a goge ƙasan dutsen da tsohon buroshin haƙori mai laushi, a ɗauraye cikin kwano ba a bakin magudana ba. Ruwan jabel kar ya taɓa shi dan yana cin haɗin zinariyar. Ta cire shi in za ta yi daka ko wanki ko ƙunshi, taurin daimon na karta ne, amma in taɓarya ta same shi ta gefe yana iya ɓarewa. Kuma ta nannaɗe shi cikin ɗan ƙyallenshi daban, in ta jefa shi cikin adaka tare da sarƙoƙi da 'yan kunne zai karce su duka. Duk shekara a kai ma maƙeri ya duba faratan ya matse wanda ya saki, ta tsaya a gabanshi har ya gama.